Zauren Lissafi: Furiye, kunyar gona da lambobi masu ƙafa huɗu

Salamu alaikum jama'ar zaure. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kamar an haɗa baki, kusan duk hanya ɗaya suka bi, shi ya sa na tattara su waje guda. Masu tambayar kalkil ɗin bak ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba, ban manta da ku ba wallahi.

TAMBAYA: Mushe ina wuni. Ni ɗalibi ne ina shekara ta uku sashen lissafi a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo nan Maradi. An koya muna jerin Furiye mun gane daidai gwargwado, to sai malam ya ce akwai na dimansiyo biyu da uku har sama, daga nan kaina ya ɗau zafi. Mi ke canzawa in an hau sama, kuma mi ne amfaninshi? Daga unguwar Ali Dan Sofo.

AMSA: Lafiya lau ɗana, Allah ya ba da sa'a. Bari in fara daga ƙasa saboda sauran masu karatu, kai ka yi haƙuri da abin da ka riga ka sani.

Shi Joseph Fourier, mu ce Furiye, ɗan tela ne, an haife shi 1768 a wani gari Auxerre a Faransa, ya tashi maraya. Ya bi Nafoliyon zuwa Misira a 1798. Nan kullum sai in tuna wani malaminmu Bakatsine, Muhammad ibn Muhammad al-Katsinawi, wanda ya yi rubutu kan hatimin lambobi ya rasu a Alƙahira 1741, wato shekara 57 kafin Furiye ya taka garin, mu Katsinawan Maradi muna da ɗan abin bugun ƙirji ke nan. To da Furiye ya dawo gida aka naɗa shi gwamna a Grenoble, can ne yana aikin mulki yana binciken yadda zafi ke tafiya cikin ƙarfe. A 1807 ya kai wa manyan masana na Paris takardarsa, ya ce kowane irin zane, ko mai gwiwa ne ko mai tsalle, ana iya gina shi da tara sinis da kosinis, wato zanen kaɗawa mai hawa da sauka a jere. Lagrange da ke babba lokacin bai yarda ba, littafin bai fito ba sai 1822.

Ka ɗauki tsirkiyar gurmi ko ta molo. In ka taɓa ta, kunnenka na jin sauti ɗaya, amma a gaskiya kaɗawa da yawa ce a haɗe, akwai uwar, akwai mai ninkinta biyu, mai uku, mai huɗu, kowace da ƙarfinta. Aikin Furiye shi ne ya kwance ƙullin ya ce maka wannan nawa ce, waccan nawa ce, kamar tsohuwar da za ta ɗanɗana miya cokali ɗaya ta lissafo maka daddawa, barkono, kanwa, har ta ce gishiri ya yi yawa. Wannan shi ne dimansiyo ɗaya, abu na tafiya kan layi guda, ko lokaci ko tsawon tsirkiya.

Yanzu fita bayan gari lokacin damina ka tsaya bakin gonar da aka yi wa huɗa. Kunyoyin nan da ke jere, tudu kwari tudu kwari, ita ce sinis ta dimansiyo biyu ba wata ba. Tana da tsayi, tana da tazara tsakanin kunya da kunya, duk wannan tsirkiya ma tana da irinsu. Sabon abin da ya shigo guda ne: kunya tana da inda ta dosa. Wani ya ja tasa gabas da yamma, maƙwabcinsa kudu da arewa, wani a karkace. Don haka firekansi, wato yawan kaɗawa, ta daina zama lamba ɗaya, ta koma kibiya, tsawonta na gaya maka matsin kunyoyin, bakinta na nuna ɓangaren da za ka bi ka tsallaka su. Maganar Furiye a nan ita ce duk wani fili mai tudu da kwari, ko hoto mai haske da duhu, za ka same shi in ka ɗora kunyoyi iri iri bisa juna. A dimansiyo uku kunyar ta koma faifai faifai kamar takardun littafi, matsi da sakewa, yadda sauti ke tafiya cikin ɗaki. Sama da uku ido ba ya gani amma alƙalami bai damu ba, x sau firekansi ya koma haɗin kibiya biyu, shi ke nan, sauran rubutun bai canza ba.

Inda abin ke da daɗi, lissafin yana rabuwa. Hoto mai layi 1000 da ginshiƙi 1000, sai ka yi Furiye na kowane layi, ka juyo ka yi na kowane ginshiƙi, ka gama. Ga kuma dabarar sauri da Cooley da Tukey suka fitar 1965, wadda ake ce ma FFT, daga baya aka gano Gauss ya riga su tun wajen 1805 bai dai buga ba. Ɗigo miliyan ɗaya in ka bi hanyar gargajiya aiki miliyan sau miliyan ne, da FFT bai wuce miliyan 20 da 'yan kai ba.

Inda kuma ba daɗi, tambayar "ta ina zan fara tarawa" ta zama matsala. Kan layi ka tara daga ƙanana zuwa manya, ba gardama. A fili fa, cikin murabba'i za ka tara ko cikin da'ira? Hankali zai ce duk ɗaya ne, to ba ɗaya ba ne. Charles Fefferman a 1971, yana ɗan shekara ashirin da kaɗan, ya nuna cewa yankan da'ira yana lalacewa daga dimansiyo biyu zuwa sama, ba ya aiki lafiya sai a ma'auni guda kaɗai da masana ke ce ma L2, abin da ya ba masana mamaki sosai. Don haka in kanka ya ɗau zafi ba kai kaɗai ba ne.

Amfani kuwa, je asibiti. Na'urar IRM mai duba cikin jiki ba hoto take ɗauka ba kai tsaye, abin da take aunawa shi ne Furiye ɗin jikin mutum, sai ordinata ta juyo shi ya zama hoton da likita ke dubawa. Sikana ma lissafinta dangin wannan ne. Haka aka gano siffar ƙwayar penisilin da insilin, Dorothy Hodgkin ta harba hasken X cikin ƙanƙarar maganin, tabon da ya fito Furiye ne na dimansiyo uku, ta yi ta juyawa, ta samu Nobel 1964.

TAMBAYA: Malam ni mai ɗaukar hoton biki ne a Sabon Gari. In na tura hoto ta WhatsApp sai amarya ta kira tana faɗa wai leshinta ya dagule, fuska ta yi ɗaki ɗaki. Wani yaro ya ce mini wai lissafi ne. Gaskiya ne ko rezo ne?

AMSA: Yaron nan ka saya mashi lemu, ya fi ka gaskiya. Rezo na iya jinkirta hoto amma ba shi ke zana ɗakunan ba. Tsarin JPEG, wanda aka tsayar 1992, yana yanka hoto ƙananan murabba'ai, ɗigo 8 a tsaye 8 a kwance. Kowane murabba'i sai a rubuta shi da kunyoyi 64, ta farko shafaffiya ce ba tudu ba kwari, ita ce matsakaicin hasken wurin, ta ƙarshe kuwa kamar allon dara mai ƙananan gidaje. Ƙanwar Furiye ce ke wannan aiki, mai kosinis zalla, wadda Nasir Ahmed ɗan Indiya da abokan aikinsa suka buga 1974. Da yake ido bai cika lura da ƙananan kunyoyi ba, sai a zubar da su ko a yi masu awon ganin ido, hoto ya yi sauƙin nauyi.

To bango ko sararin sama ba su da asara, kunya biyu uku ta ishe su. Leshi fa? Leshi da aikin wuyan babbar riga da zanen lalle duk ƙananan kunyoyi ne, su ake fara zubarwa. In matsin ya yi yawa har murabba'i ya rage da ta farkon nan kawai, shi ne kake ganin ɗaki ɗaki. Kuma duk wanda ya ɗauki hoton allo ya sake turawa, an sake tankaɗe ke nan, garin na raguwa. Ka tura shi a matsayin dokima, ba a matsayin hoto ba, zai je yadda yake, sai dai ka gaya ma amarya ta sa mega.

TAMBAYA: Gaisuwa mai yawa Malam. Ni malama ce ina koyar da lissafi a wani CEG a Tibiri. Shekara goma sha ina gaya ma yara 3 sau 5 daidai yake da 5 sau 3. Ƙanena da ke karatu Yamai ya zo hutu ya ce akwai lambobin da ba su bin wagga doka, wai kwataniyo. Na ce mashi ƙarya yake. Wa ad da gaskiya?

AMSA: Malama ku biyun duk kuna da gaskiya, ki ci gaba da koya ma yara abin da kike koya masu, amma ki ba ƙanen naki haƙuri.

Kin san lambobin kompleks na tarminal, a + bi, inda i sau i ke ba da −1. Ni ina ce masu lambobi masu ƙafa biyu. Kyansu shi ne ninkawa da i juyi ne, kwata ɗin da'ira a kan takarda, kuma shi ya sa suka dace da Furiye kamar an auna, don sinis da kosinis inuwar abu mai kewaya da'ira ce. Wani Ba'ailande, William Hamilton, ya ce tunda ƙafa biyu na juya abu a takarda, bari in nemo ƙafa uku da za ta juya abu a sarari. Ya yi shekaru yana fama, tarawa na yi, ninkawa ta ƙi. Ranar 16 ga Oktoba 1843 yana tafiya da matarsa bakin wata hanyar ruwa a Dabilin sai abin ya faɗo mashi, ashe huɗu ake bukata ba uku ba, su ne kwataniyon da ƙanenki ke faɗi, ya tsaya ya karta a jikin dutsen gada: i² = j² = k² = ijk = −1. Kuɗin da ya biya shi ne wanda ya ba ki haushi, i sau j ya ba da k, amma j sau i ya ba da −k.

Kar ki yarda da ni, gwada da hannunki. Ki zauna kina kallon gabas, ki kwantar da talho kan tabarma, gilashi sama, kansa na kallon gabas. Juyi na farko: ki tashe shi tsaye ya dube ki. Juyi na biyu: ki murɗa shi kwata zuwa dama yadda ake juya faifai a ƙasa. Zai ƙare a tsaye, gilashi na kallon arewa. Yanzu ki mayar da shi yadda yake ki sauya jeri, ki fara murɗawar faifai, kansa ya koma kudu, sannan ki ɗago gefen da ke gabas zuwa sama kamar ɗazu. Zai ƙare a kishingiɗe kan haƙarƙarinsa, gilashi na kallonki. Juyi biyu iri ɗaya, jeri daban, sakamako daban. Ba lambobin ne suka yi rashin kunya ba, haka duniya take juyi, ai ko a gida ba a shiƙa kafin sussuka. Shi ya sa wasannin bidiyo da tauraron ɗan adam da talhon nan da kika juya duk da kwataniyo suke riƙe lissafin inda suka fuskanta.

Akwai masu ƙafa takwas ma, John Graves abokin Hamilton ya same su ƙarshen 1843, su har wurin sa baka biyu sai an yi hankali, (ab)c ba lallai ya zama a(bc) ba. Hurwitz ya tabbatar 1898 cewa in kana son tsawon ninki ya zama ninkin tsawo, ƙofa huɗu ce kawai: 1, 2, 4, 8. Uku babu, Hamilton da ya shekara ɗari ba zai samu ba.

TAMBAYA: Mushe, ina son yin masta, an ba ni shawarar in duba nazarin fonksiyo na lambobin da suka wuce kompleks, wai yana da alaƙa da Furiye. Ni ban ga alaƙar ba, kuma ina tsoron kar in shiga abin da ba shi da kasuwa. Ɗaliba daga unguwar Zariya.

AMSA: 'Yata wannan ita ce tambayar da na fi jin daɗi, har kuran ya ɗauke ina tsakiyar amsa ki na ƙarasa da tocila.

Ki tuna abin da ya sa fonksiyo olomof, wato mai deribe a kompleks, ke da albarka. In tana da deribe sau ɗaya to tana da shi har abada, kuma ƙa'idar Cauchy ta ce in kin san ƙimarta a kan shinge kin san duk abin da ke cikin gonar. Kowa zai so irin wannan a dimansiyo uku da huɗu. Hanyar da ta fara zuwa ma kowa a rai ita ce a kwafi ma'anar deribe a sa kwataniyo, to in kin yi haka ba abin da ke tsira sai fonksiyo irin a + qb, layi miƙaƙƙe, gona ta zama fako. Sai Rudolf Fueter na Suwizalan a 1935 ya ce a bar ma'anar deribe, a kwafi sharaɗin Cauchy da Riemann. Nan ƙa'idar shinge ta dawo da ranta, amma ga abin dariya. A kompleks ki gwada sharaɗin kan z kanta, zai ba ki 1 + i·i, sifili, ta wuce. A kwataniyo ki gwada kan q, zai ba ki 1 + i·i + j·j + k·k, wato −2. Ita q da kanta ba ta ci jarrabawar ba, kuma in kin ninka biyu da suka ci, ɗan da suka haifa ba lallai ya ci ba. Duk wanda ya shiga fagen nan sai ya haɗiye wannan.

Don a wuce huɗu sai a koma wajen William Clifford na Ingila, wanda ya fitar da nasa tsarin 1878 ya rasu 1879 yana da shekara 33. Shi ya ce kowace kusurwa a ba ta harafinta, e1, e2, har en, kowane in ya ninka kansa −1, biyu daban kuwa in sun sauya wuri alama ta juya. Ki ninka ae1 + be2 da kanta ki gani, na tsakiya biyun suna cinye juna, ya rage −(a² + b²). Wannan 'yar dabarar ita ce duka sirrin, da ita ake samun saiwar Laplasiyan (jimillar deribe na biyu na kowace kusurwa), wato ma'aikacin da in ya yi aiki sau biyu ya ba da Laplasiyan mai alamar ragi, irin wanda Dirac ya gina 1928 don lissafin elektaron. Fonksiyo da wannan ma'aikaci ya mayar sifili su ake ce ma monojenik, kuma jami'ar Gand ta Beljika ce cibiyar abin, Brackx da Delanghe da Sommen suka fitar da littafin da ya kafa fagen 1982.

Yanzu alaƙar da kika ce ba ki gani ba. Ki ɗauki sauti, ki yi mashi Furiye, ki zubar da firekansi masu alamar ragi ki bar masu alamar tari. Abin da ya rage bakin shinge ne na wata fonksiyo olomof, kuma daga gare shi ake karanta ƙarfin sautin da matakin kaɗawarsa a kowane lokaci, Dennis Gabor ya kawo wannan cikin aikin sadarwa 1946. To wannan ya yiwu ne don kan layi hanya biyu ce, kamar titin Dan Issa, ko kina tafiya ko kina dawowa. A hoto fa? Firekansi kibiya ce mai iya duban ko'ina, wace ce ta tari wace ce ta ragi? Tambayar ma ba ta zauna ba. Maganin shi ne a daina tambayar alama a tambayi inda kibiyar ta dosa, kowace kusurwa da nata juyin, su ne juye juyen Riesz, biyu a hoto, uku a sarari. i guda ɗaya ba ta iya ɗaukar su, wuri ɗaya gare ta, amma e1 da e2 da e3 kowane sai ya goyi ɗaya, kuma abin da ya fito bakin shingen fonksiyo monojenik ne cif. Felsberg da Sommer a Jamus sun mayar da wannan kayan aikin hoto 2001, a kowane ɗigo yana gaya maki ƙarfin kunya, matakinta, da inda ta karkata. Sangwine kuma tun 1996 ya ce tunda launi uku ne, ja da kore da shuɗi, a ɗora su kan i da j da k a yi Furiye ɗin hoton a dunƙule. Sai dai da yake hagu da dama ba ɗaya ba ne, Furiye ɗin kwataniyo ba guda ba ne, akwai na hagu, na dama, da mai cin gefe biyu.

Batun kasuwa ba zan yi maki daɗin baki ba. Fage ne ƙarami, masu yinsa ba su da yawa, kuma wasu takardun da ake bugawa a ciki tsohon zance ne aka sa ma sabuwar riga, a ɗauko abin da aka sani a kompleks a sake shi da kwataniyo don a ƙara yawan bugu. Ko a ordinata, Furiye ɗin kwataniyo ana farfasa shi ne a yi shi da FFT na kullum. Ni a ganina ki kafa ƙafarki kan Furiye na dimansiyo da yawa da aljabarar layi da nazarin kompleks, waɗannan ko'ina kika je ana nemansu, daga kamfanin talho har aikin hoton tauraron ɗan adam na duba gonaki, sannan Clifford ya zama ɗaki na sama. Kuma kafin ki sa hannu ki tabbata akwai malamin da zai bi aikinki har ƙarshe, ki kuma gyara ingilishinki don kusan duk rubutun fagen da shi ake yi.

TAMBAYA: Malam ɗan makaɗa ne ni daga Madarunfa. Mi ya sa ganga ba ta ba da sauti tsab kamar goge?

AMSA: Sannu da aiki. Tsirkiya layi ce, kaɗawarta na tafiya 1, 2, 3, 4, suna hawa kan juna daidai sai kunne ya ji murya ɗaya. Fatar ganga fili ce mai da'ira, dimansiyo biyu, nata jerin a lissafi 1 ne, sai 1,59, sai 2,14, sai 2,30, ba wanda ya ninka wani, daga fonksiyo na Bessel suke fitowa. In mai kalangu ya matse tsarkiya a hammata duk suna hawa tare, shi ya sa yake iya bin hawa da saukar maganar Hausa. Wani masani Mark Kac ya taɓa tambaya 1966 ko mutum zai iya gane siffar ganga daga sautinta kaɗai, aka zauna sai 1992 masana uku, Gordon da Webb da Wolpert, suka zana ganguna biyu masu siffa daban da sauti iri ɗaya sak. Masu kusurwa ne dai kamar an yanka kwali, ba irin wadda za ka rataya ka shiga fadar sarki da ita ba.